Masu Fuskar Aro

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu waɗanda wannan mujalla za ta faɗa hannunsu idan mun koma gida hutu. Abin da nake so in yi bayani a kai wani sabon wasa ne da ya fito daga ƙasar Japan, wanda ya zama abin jayayya tsakanin yara da manya a can inda aka haife shi, har ƙurarsa ta soma isowa gidajenmu ta cikin wayar hannu. Da yawa daga cikinmu sun san shi, amma in an ce su bayyana shi sai su kama inda-inda. Iyayenmu kuwa ta gefen ido kawai suka gan shi, suka yanke masa hukunci. Don haka na ga ya kamata a baje shi a faifai tukuna, kowa ya san abin da ake gardama a kai.

Masu wannan wasa ana kiransu bituba. Kalmar daga Turanci aka gutsuro ta, ma'anarta mai yin shiri a YouTube wanda jikinsa na zane ne. Ni dai na fi so in kira su masu fuskar aro, gama nan ne asirin abin yake.

Ga yadda ake yi. Mutum ne sosai mai rai, budurwa ko saurayi, yake zaune a ɗakinsa gaban kwamfuta, kyamara tana kallon fuskarsa. Akwai wata manhaja da ke auna motsin idonsa da girarsa da leɓensa da yadda yake karkata kai, nan take ta ɗora wannan motsi a kan wani zane irin na katun ɗin Japan. In ya yi murmushi zanen ya yi, in ya ƙifta ido zanen ya ƙifta. Shi zanen tun farko an yayyanka shi ne gunduwa-gunduwa, ido daban, gashi daban, baki daban, aka haɗa su da wata manhaja da ake kira Live2D yadda kowane yanki zai motsa shi kaɗai. Manyan kamfanoni kuwa suna da zaure na musamman inda mai wasan zai sa wata matsattsiyar riga mai ɗigo-ɗigo, kyamarori su kewaye shi, har in ya yi tsalle ko rawa zanen ya bi shi sau da ƙafa. Murya dai tasa ce. Kuma abin kai tsaye ake yinsa. Masu kallo suna rubuta saƙo a gefen allo, shi kuma yana karantawa yana ba su amsa, yana hira, ko waƙa, ko buga wasan kwamfuta, wani lokaci awa uku ko huɗu a zama ɗaya. Wannan shi ne ya bambanta shi da katun irin su Tom and Jerry, wanda an riga an zana an gama, ba ya ji, ba ya amsawa. Mutanen Japan suna kiran mai wasan naka no hito, watau mutumin ciki, kuma al'adarsu ita ce ba a faɗin sunansa, ko an sani.

Wadda ta buɗe wannan ƙofa ita ce Kizuna AI, a ƙarshen shekarar 2016. Daga bakinta sunan nan na bituba ya fito. Ba ta cika shekara biyu ba sai ga hukumar yawon buɗe ido ta Japan ta ɗauke ta a 2018 don ta riƙa kiran baƙi zuwa ƙasar. Ganin haka sai kamfanoni suka yi ca. Biyu ne suka fi girma, dukansu a birnin Tokyo: Cover, mai ƙungiyar Hololive, da Anycolor, mai ƙungiyar Nijisanji wadda ta soma a 2018. A farkon 2020 an ƙirga masu wannan sana'a sun wuce 10,000. Sa'an nan annobar korona ta zo ta kulle mutane a gida, kowa ya rasa abokin hira, kasuwa ta buɗe musu fiye da yadda suka zata. A shekarar ce Hololive ta fito da masu yi da harshen Indunisiya da masu yi da Turanci, kuma ta nan ne irinmu muka tsinci abin, tunda ba ma jin Japananci. Ɗaya daga cikin na Turancin, Gawr Gura, wadda aka zana da siffar kifin shak, ta tara mabiya fiye da miliyan 4, ta wuce kowa a wannan fage. Kada wani ya ɗauka wasan yara ne: kamfanin Anycolor ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokyo a 2022, Cover ya bi shi a 2023. A watan Fabrairu na 2025 kuma wata mawaƙiyarsu, Hoshimachi Suisei, ta yi wasa a Budokan, zauren da manyan mawaƙan duniya ke alfahari da hawa dandalinsa.

Wani abu da zai ba ɗalibai dariya shi ne, idan mai fuskar aro zai bar aiki ba a cewa ya ajiye aiki, sai a ce an yaye shi, da kalmar nan da suke amfani da ita ga wanda ya gama makaranta. Amma yayen nasu akwai ɗaci, domin a manyan kamfanoni fuskar da sunan duk mallakar kamfani ne. Mutumin ciki zai fita ne da muryarsa kawai. Haka Gawr Gura ta tafi ranar 1 ga Mayu 2025, ta ce saɓani ne tsakaninta da shugabannin kamfanin.

To, yanzu sai mu zo ga rigimar. A hutun da ya wuce Baba ya same ni da rana tsaka ina kallon ɗaya daga cikinsu, gama Japan ta riga mu da awa takwas, shirinsu na dare da azahar yake iske mu. Ya leƙa wayar ya ce, "Kai yanzu, ɗan sakandare guda, ka zauna 'yar tsana tana ba ka labari?" Na ce, "Baba, ku duba da kyau, ai mutum ne a ciki." Sai ya ce, "In mutumin kirki ne, me ya sa ya ɓoye fuskarsa?" Kaka kuwa da ta ga zane yana ƙifta ido yana dariya, a'uziyya ta yi ta ja da baya, ta ce a fitar mata da wannan abu daga ɗaki.

Tambayar nan ta Baba ita ce gindin maganar duka, kuma ba ta raini ba ce. A wurin iyayenmu yarda daga sani take fitowa. In baƙo ya yi sallama, abin da ake fara tambaya shi ne ɗan gidan wane ne, daga wace unguwa, wa ya san shi. Mai rufe fuska a saninsu ɓarawo ne ko ɗan fashi. Mu kuwa mun tashi ne a wata unguwa dabam, watau intanet, inda wanda ya buɗe fuskarsa shi ne ke cikin haɗari. A Japan ɗin nan, a 2016, wani da ke kiran kansa masoyi ya daddaɓa wa wata matashiyar mawaƙiya wuƙa a Tokyo. A 2019 kuma wani ya gano unguwar da wata mawaƙiya take ta hanyar ƙura wa hotonta ido, har ya ga inuwar tashar jirgin ƙasa a cikin ƙwayar idonta, ya bi ta gida ya kai mata hari. Yarinyar da ta san wannan, in ta ari fuska kafin ta fito gaban dubban mutanen da ba ta sani ba, ni ban ga laifinta ba. Ai ko a nan gida mun ga yadda hoto ɗaya, in ya faɗa hannun mugu, yake ɓata sunan yarinya da na gidansu.

Akwai kuma waɗanda fuskar aro ita ce kaɗai ƙofarsu ta fita duniya. Ironmouse, 'yar tsibirin Fotoriko, ta sha faɗa da bakinta cewa tana da wata cuta da ke karya garkuwar jiki, wadda ta tsare ta a ɗaki shekara da shekaru, ba ta iya shiga mutane. Da ta so zama mawaƙiyar zaure ne, ciwo ya hana. Da fuskar zane ta yi waƙa da hira daga kan gadonta, har a 2024 ta kafa tarihi a dandalin Twitch na yawan masu biyan kuɗin bin shirinta, sama da 300,000, kafin wani ya zo ya wuce ta. Kuma ta tara maƙudan kuɗi ga gidauniyar da ke taimakon masu irin ciwonta. Wannan ba 'yar tsana ba ce. Kotu ma ta yarda da haka: a 2022 wata kotu a birnin Osaka ta yanke cewa zagin mai fuskar aro zagin mutumin ciki ne.

Har ila yau, aron siffa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In azumi ya kai goma, wa ke fitowa da gemun auduga da sanda yana tafiya a duƙe? Yaran unguwa ne suna tashe, kowa ya san ba tsoho ba ne, kowa kuma yana dariya yana ba da sadaka. Iyayenmu sun yi shekaru suna kewaye rediyo suna sauraron muryoyin da ba su taɓa ganin fuskar masu su ba, suna ƙaunarsu kamar 'yan'uwa. Marigayi Usman Baba Pategi, mutum nawa ne suka san shi da wannan suna? Samanja kowa ke cewa. Su ma mutanen Japan suna da tsohon wasan 'yar tsana da ake kira bunraku, wanda ya yi ƙarfi a Osaka, inda mutum uku ke juya 'yar tsana ɗaya, mataimakan sanye da baƙaƙen kaya don 'yan kallo su yi kamar ba su gan su ba. Saboda haka da fuskar zane ta zo musu, ta tarar da gurbinta a shirye.

Amma kada 'yan'uwana su yi saurin tafa mini, domin kwatancin nan yana da iyaka, kuma daga iyakarsa ne gaskiyar iyayenmu ta soma. Ɗan tashe an san gidansu, kuma da an ga watan Salla ya cire gemu. Samanja bai taɓa kiran sunan mai sauraro da tsakar dare ya ce ya yi kewarsa ba. Mai fuskar aro yana yi, kuma kuɗi ne ke sa ya yi.

Ga yadda kuɗin yake shiga. A 2017 YouTube ya fito da wani tsari mai suna Super Chat. Da yake saƙonnin masu kallo suna gudu ne kamar ruwan kwata, ba mai iya karanta su duka, sai aka ce wanda ya biya kuɗi za a shafa wa saƙonsa launi, a maƙale shi a sama. Ƙaramin kuɗi shuɗi, babba ja, kuma ana iya biyan har dala 500 a kan saƙo ɗaya. Kowa ya lissafa wannan a naira, ya gwada da kuɗin da ake ba mu na guzuri a zango. YouTube yana cire kashi 30 cikin ɗari, kamfani ya ɗebi nasa, saura ya isa ga mutumin ciki. A 2020 wadda ta fi kowa a duniya samun irin wannan kuɗi ita ce Kiryu Coco ta Hololive, kuma yawancin goman farko masu fuskar aro ne. Me mai biya ya saya? Ba buhu ba, ba littafi ba. Ya sayi a ambaci sunansa ne, a ce an gode. Mu Hausawa mun san wannan ciniki sarai, shi ne liƙi da ake yi wa maroƙi ya wasa ka a gaban jama'a. Sai dai mai liƙi a gidan biki yana da idon jama'a a kansa, in ya wuce gona da iri akwai mai jan rigarsa. Yaron da ke ƙudundune cikin bargo da waya da katin bankin mahaifiyarsa ba mai jan tasa. Hukumar kare masu saye ta Japan ta sha yin gargaɗi a kan yaran da ke kwashe kuɗin iyayensu ta wannan hanya.

Abin da ya fi kuɗin ma ciwo shi ne ƙauna mai gefe ɗaya. Kai ka san ranar haihuwarta ta wasa, ka san abincin da take so, ka san yadda take dariya. Ita kuwa kai ɗaya ne cikin dubu hamsin, ko sunanka na gaskiya ba ta sani ba. Wanda yake da abokai da 'yan'uwa zai kalla ya yi dariya ya tashi. Wanda kaɗaici ya dame shi, shi ne abin yake kamawa, har ya riƙa jin kishi in an ce tana da saurayi, ya shiga zaginta. A 2018 wani mutumin Japan, Akihiko Kondo, ya yi shagalin biki da Hatsune Miku, wata mawaƙiyar zane wadda ko mutumin ciki ba ta da shi, kuma ba wanda ya halarta daga danginsa. In uwa ta ji wannan labari hankalinta ya tashi, wa zai ce ta yi ƙauyanci?

Sai kuma maganar sutura, wadda ba sai na tsawaita ba. Da yawa daga cikin zanen an yi su da shigar da ba za a yarda da ita a tsakar gidanmu ba, kuma cewa ai zane ne ba hujja ba ce, tunda mutum ne ya zauna ya zaɓi ya zana shi haka. Ko a Japan ana wannan faɗa. A 2021 'yan sandan jihar Chiba sun janye wani bidiyo na koyar da dokar hanya da wata mai fuskar aro ta fito a ciki, bayan wata ƙungiyar 'yan majalisa masu kare haƙƙin mata ta koka da shigarta, matasa kuma suka tayar da ƙura suna cewa an tauye ta.

Da na bi tarihin ƙasar sai na ga ashe rigimar tsohuwa ce, riga kawai take sakewa. A shekarun 1930 akwai masu yawo a kan keke da akwatin hotuna, suna sayar wa yara alewa suna ba su labari, ana kiran abin kamishibai, malamai da iyaye suka ce yana ɓata tarbiyya. Yaran da suka kalle shi suka girma, sai ga su a 1955 cikin gangamin korar miyagun littattafai, har da ƙona littattafan zane a filayen makarantu. A 1957 wani marubuci, Soichi Oya, ya ce talabijin za ta mai da mutanen ƙasar duka wawaye. Mu ma haka. Kakanninmu sun yi faɗa da iyayenmu a kan zuwa silima kallon fim ɗin Indiya, su kuma suka yi faɗa da yayyenmu a kan littattafan soyayya, har aka ƙona wasu a Kano a 2007. Abokaina suna son wannan tarihi, suna cewa ka gani, kullum manya haka suke. Ni ban ɗauke shi haka ba. Don an yi wa kowane zamani faɗa, ba shi ne ya nuna faɗan banza ne ba. Mai kamishibai in alewarsa ta ƙare gida yake tafiya, silima ana tashi, littafi yana da shafin ƙarshe. Wannan kuwa in na Japan sun kwanta na Amurka sun tashi, ba dare ba rana, kuma yana cikin aljihu. Mu da ke makarantar kwana dokar hana waya ta raba mu da shi wata uku, amma kowa ya san yadda idon wasunmu ke komawa a makon farko na hutu.

Akwai kuma wani sabon abu da ya sa amsar da na ba Baba ba za ta ci ko'ina ba. Tun ƙarshen 2022 akwai wata mai suna Neuro-sama a Twitch wadda ba kowa a cikinta. Wani mai tsara manhaja da ake kira Vedal ne ya ƙera ta, ƙwaƙwalwar na'ura ce ke karanta saƙonni tana ƙago amsa, muryar ma ta na'ura ce. Tana da ɗimbin masoya. A farkon 2023 an dakatar da ita mako biyu saboda munanan kalamai da suka fito daga bakinta. To, in mai fuskar aro ya yi ɓatanci akwai wanda za a kama. In wannan ta yi fa, wa za a yi wa faɗa, mai ƙera ta, ko masu kallon da suka ja ta da tambaya? A nan ne nake ganin a'uziyyar Kaka ta fi kusa da gaskiya fiye da yadda muka yi mata dariya.

Gwamnatoci sun soma sa hannu. Ƙasar Sin ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 18 yin liƙi ga masu shirin kai tsaye a 2022. Ostireliya ta kafa doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalin sada zumunta, ta soma aiki a Disamba 2025. A gidajenmu kuwa doka a hannun Baba da Inna take, kuma yawanci kala biyu ce: ko a ƙwace wayar ɗungum, ko a bar yaro da ita ba mai leƙawa. Roƙona ga iyayenmu shi ne, kafin a ƙwace, a zauna minti goma sha biyar a kalla tare, a tambayi yaron wace ce wannan, me take faɗa, ka taɓa tura mata kuɗi. Yaron da ke kallon mai koyar da zane ko harshe zai yi murna ya nuna. Wanda ya kife wayar da sauri kuwa, an riga an sami amsa. Mu kuma 'yan'uwana, in muna so a saurare mu, sai mu iya bayyana abin da muke kallo da Hausar da Kaka za ta gane, ba mu riƙa cewa ba za ku gane ba muna juya baya.

Ni kam da zan sami kwamfuta da kyamara bayan na gama makaranta, ba siffar kifi zan ara ba, ba ta dodon Japan ba. Gizo zan zana, da Ƙoƙi a gefensa, in riƙa ba da tatsuniya kai tsaye yara suna jefo tambaya. Ina kyautata zaton ranar Kaka za ta matso kusa, ko don ta gaya mini ban iya tsamin bakinsa ba.